Babi na Bakwai: Nawa Ne Hoton Ɗan Ƙwallo?

A shekarar 2018 kamfanin Shutterfly na Amurka ya zube dala miliyan 825 ya sayi wani kamfani mai suna Lifetouch. Tun da aka kafa Lifetouch a jihar Minnesota a 1936, babbar sana'arsa ita ce ɗaukar hoton yara: 'yan makaranta da farko, daga baya har da 'yan wasa cikin kayan kulob ɗinsu. Hoton da ake ɗauka cikin minti ɗaya, a kai wa uwa ta liƙa a jikin firij, shi ya tara wannan dukiya.

Yadda ake gudanar da harkar a can ya cancanci a tsaya a duba. Ƙungiyoyin wasan yara irin su Little League, wadda aka fara a garin Williamsport na jihar Pennsylvania a 1939 da kulob uku kacal, sukan ware rana guda a farkon kakar wasa, su kira ta ranar hoto. Kafin ranar an riga an aika wa iyaye takardar farashi. Uba ko uwa su zaɓi abin da suke so, su sa kuɗi a ambulan ko su biya ta intanet. Ranar na zuwa yara su yi layi, kulob bayan kulob, kowa ya tsaya inda aka yi alama, a ɗauke shi shi kaɗai, sannan a ɗauki kulob gaba ɗaya. Abin da aka fi saye shi ne takarda ɗaya mai ɗauke da hoton yaro a gefe, hoton kulob a ɗaya gefen, da suna da shekara. Akwai ƙananan katuna masu kama da na manyan 'yan wasa, akwai maɓallan da iyaye ke maƙalawa a riga. Ita kuma ƙungiyar da ta buɗe wa mai hoto ƙofa takan samu wani kaso na cinikin, ko a ba masu horarwa hotuna kyauta.

Abu uku ke riƙe da wannan tsari: yara masu yawa a wuri ɗaya, kuɗi kafin aiki, da iyaye masu saye.

Na farkon bai yi wa arewacin Najeriya wuya ba. Duk wanda ya bi ta filayen Kano, Kaduna, Jos ko Zariya bayan sallar La'asar ya san yara sun fi filayen yawa. A Kano ake buga gasar Kofin Ramat ta matasa, wadda ƙungiyar YSFON ke shiryawa don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed, kuma tana tara yara daga jihohi da dama. Makarantun koyon ƙwallo, waɗanda kowa ke kira akadami, sun yaɗu, domin kowane yaro ya san Ahmed Musa daga akadamin GBS ya taso kafin Kano Pillars da VVV-Venlo da CSKA Moscow, ya san John Mikel Obi daga akadamin Pepsi na Jos ya fito. Ga kuma makarantun kuɗi da kusan kowaccensu ke yin bikin wasannin gidaje, intahaus, sau ɗaya a shekara, da fareti da tseren buhu da jan igiya.

Na ukun ne ya bambanta, kuma nan ne mai hoton da ya kwafo tsarin Amurka daga bidiyon YouTube yake tuntuɓe. A filin unguwa ba kasafai ake ganin uba a bakin layi ba. Yaro da yawa da kuɗin da ya samu a garejin kanikanci ko shagon ɗinki ya sayi but ɗinsa. Jesin kulob sau da yawa koci ne ya nemo ta wajen wani mai hali, ko ya cire daga aljihunsa. Saboda haka kafin mai hoto ya furta ko da naira ɗaya, sai ya san amsar tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan sana'a: wa zai biya?

Idan makarantar kuɗi ce, mai makaranta ne abokin ciniki. Da shi ake zama, a yanke kuɗin yini, shi kuma ya san yadda zai raba wa iyaye cikin kuɗin bikin. Wannan shi ne ciniki mafi tsabta, kuma ya kamata ya fi sauran tsada, don makarantar za ta yi shekara tana talla da hotunan a kalanda da allon ƙofar shiga da Facebook. Akadamin da ke karɓar kuɗin rajista da na wata shi ma yana da asusu, yana kuma da buƙatar da ba ta ƙarewa: fasfo na katin ɗan wasa, hoton kulob na kowane rukunin shekaru, hotunan da za a tura wa masu farautar 'yan wasa. Kulob ɗin unguwa kuwa karo-karo ne, ɗari biyar daga nan, dubu daga can, sai koci ya tattara. Sannan akwai mai sa kofi, ɗan siyasa ko attajirin unguwa. Shi ba hoton yara ne ya fi damunsa ba, hotonsa yana miƙa kofi yake so, kuma yana iya biya da kyau. Amma mai hoton da ya san kan aikinsa yana karɓar kuɗinsa kafin a busa wasan ƙarshe, domin da zarar an watse taro, samun Alhaji ko yaransa a waya yakan zama wani aikin dabam.

Farashi ɗaya ba zai dace da waɗannan mutane ba. Amma lissafin da ke ƙarƙashin farashin ɗaya ne, kuma yawancin masu hoto ba su taɓa zama sun yi shi ba. Abin da suke yi shi ne su tambayi kuɗin wankin hoto ɗaya, su ninka shi biyu, su ɗauka rabin riba ce. Takarda ƙaramin ɓangare ce na abin da aka kashe. Babban kuɗin yana cikin yinin.

Ga misali da alƙaluman da kowa zai maye da nasa. A ƙaddara mai hoto ya sayi kyamara da gilasanta na hannu a kan naira 900,000, yana son su mayar da kuɗinsu cikin shekara uku, yana fita aiki kwana 100 a shekara. Kowace fita ta ci naira 3,000 ke nan tun bai bar gida ba. Wannan ba lissafin takarda ba ne kawai. Kyamara tana da adadin ƙyastawar da aka ƙera ta ta jure: Canon 5D Mark III da Nikon D750 kowacce an ƙiyasta mata 150,000. Wanda ke ƙyasta 600 a kowane wasa ya cinye wannan adadi a wasa 250. Ƙurar hunturu ma tana karɓar nata rabo, musamman ga mai sauya gilashi a tsakiyar fili. A ɗora kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, a ce 3,000. Yaron da zai jera 'yan wasa ya rubuta sunaye, 4,000. Data da cajin batir da man janareta, 2,000. Sai ladan mai hoton kansa, wanda shi aka fi mantawa: awa uku a fili, awa huɗu gaban kwamfuta yana tacewa da gyarawa, ga zuwa wajen wanki, ga kai hotuna. A sa masa 15,000. Jimla naira 27,000, ba a wanke hoto ko ɗaya ba.

Yanzu a ce kulob ɗin na da yara 25, wankin hoto ɗaya mai inci 5 da 7 kuma naira 500 ne. Idan duka yaran suka saya, kowane hoto ya tsaya a kan naira 1,580. Idan goma ne suka saya, ya tsaya a kan 3,200. Aiki ɗaya, rana ɗaya, gumi ɗaya, amma uwar kuɗin ta ninka.

Daga nan ake gane illar hanyar da aka gada daga masu hoton biki, wato a ɗauki kowa, a ruga a wanko, a dawo a baza a tabarma ana jiran mai so. Wanda ya wanke 25 ya kashe 12,500. Goma suka saya a kan dubu-dubu, ya karɓi 10,000. Ko kuɗin wankin bai fito ba, balle na mota. Sha biyar ɗin da suka rage ba su da wani mai saye a duniya sai masu fuskar, su kuma sun san haka. Za su jira magariba ta kawo jiki, ɗaya ya matso ya ce, "Mai hoto, ɗari uku ce da ni, ka taimaka." Ba mugunta ba ce, abin da ke aljihunsa ke nan. Amma mai hoton ya sa kansa a matsayin mai tumatir da yamma ta yi masa a kasuwa, ba shi da bakin cewa albarka.

Maganin wannan shi ne abu na biyu cikin ukun nan, kuɗi kafin aiki, kuma Bahaushe bai buƙatar Ba'amurke ya koya masa kafin alƙalami. Tela na karɓa, kafinta na karɓa, mai ɗinkin hula na karɓa. Mai hoto ya je wurin atisaye mako biyu kafin ranar, da samfurin aikinsa a hannu, hoto na gaske da yara za su taɓa, ba na cikin waya ba. Ya gaya wa koci a fili: "Koci, ba na fitowa sai an haɗa mutum ashirin da suka biya. In sun kai, ranar Asabar ƙarfe huɗu da rabi ina nan. Hoton kulob babba naka ne, ban sa masa kuɗi ba." Koci ya buɗe littafi, wanda ya biya a rubuta sunansa da lambar jesinsa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta OPay da Moniepoint da PalmPay, don haka ko uban da ba ya zuwa fili yana iya biya daga shagonsa, shaida kuma ta zauna a waya. Sharaɗin mafi ƙarancin adadi shi ne garkuwar mai hoto. In ba a kai ba, ko a ɗaga ranar, ko kulob ya cike giɓin, ko a haɗa kulob biyu da ke atisaye a fili ɗaya su raba kuɗin yinin.

Wannan na ƙarshen ya fi kowanne albarka. Kuɗin mota da na kyamara ba sa ƙaruwa don yara sun tashi daga 25 zuwa 75. Mai hoton da ya shawo kan akadami mai rukunin 'yan ƙasa da 13 da 15 da 17 suka fito rana ɗaya, zai iya sauke farashi har yaron gareji ya iya saye, shi kuma ya koma gida da abin da ya fi na yini uku.

Game da abin da za a sayar, zaɓi uku sun isa. Ƙarami, hoto ɗaya na yaro riƙe da ƙwallo, don kada kowa ya koma hannu rabbana. Na tsakiya, wanda ya haɗa yaro da kulob a takarda ɗaya da suna da lamba da shekara, shi ake so a fi saye, don haka a kansa ake gina lissafi. Babba kuma mai firem da gilashi, ga mai hali. Ba lallai mutane da yawa su sayi babban ba, amma ganinsa a takarda na sa na tsakiya ya yi sauƙi a ido. A rubuta farashin a buga, kowa ya gani. Farashin baka yana gayyatar tayi, kuma a kulob ɗaya labari ba ya ɓuya: ranar da gola ya ji an sallama wa kyaftin da ragin ɗari biyar, duk sauran za su zo karɓar nasu ragin.

Sai batun la'ada. Koci ko malamin wasanni da ya tara yara, ya bi su bashi, ya tsayar da su a layi, ya yi aiki, kuma ya cancanci lada. Abin da bai dace ba shi ne a yi ta a ɓoye, ko mai hoto ya biya ta daga guminsa saboda kuskuren lissafi. Wanda ke buƙatar naira 2,000 ta shigo hannunsa a kowane hoto, aka ce kashi 20 cikin ɗari na kulob ne, yakan ƙara 400 ya ce 2,400. Kashi 20 na 2,400 kuwa 480 ne, saura 1,920. Farashin da zai bar masa 2,000 cif shi ne 2,500. A hoto ɗaya naira 80 ce, a hoto dubu ta zama 80,000. Sau da yawa ma biyan la'ada da aiki ya fi: babban hoton kulob a firem, fasfon rajista na kakar wasa, hotuna goma na shafin kulob. Mai hoto ya kashe kaɗan, koci ya samu abin da da zai biya da tsada, kuma ba wanda zai zargi kowa da cin kuɗin yara.

Abin da ya fi wahalar sa wa kuɗi a yau shi ne hoton da ba a wanke ba. "Turo min ta WhatsApp kawai," in ji yaro, a ganinsa ya sauƙaƙa wa mai hoto, tunda ba takarda ba tawada. Amma lissafin baya ya nuna takarda naira 500 ce cikin 1,580. Ban da haka, wanda ya karɓi hoto a waya ya karɓi damar wanke ɗari a duk inda ya so. Hoton kulob kuwa mutum ɗaya na karɓa ya shiga zauren WhatsApp na kulob, cikin minti biyar kowa ya mallaka. Saboda haka hoton waya bai kamata ya fi na takarda araha ba. Na yaro shi kaɗai a haɗa shi cikin zaɓi na tsakiya ko babba. Na kulob a sayar wa kulob sau ɗaya da kuɗin da ya ƙunshi kowa. Wanda ya biya kuma a tura masa a matsayin fayil, domin WhatsApp na matse hoton da aka tura kai-tsaye ya rage masa kyau. Masu ɗora tambari a kan samfur su sani yara za su ɗauki hoton allo su sa a shafinsu da tambarin da komai. Fushi ba ya hana wannan. Gara tambarin ya ƙunshi suna da lambar waya, ya zama talla.

Hoton cikin wasa wata sana'a ce dabam, kuma kuskure ne a ba da shi gyara a kan hoton tsaye. Yana buƙatar dogon gilashi irin 70-200, wanda mai kyansa kan fi kyamarar tsada, da saurin ƙyastawa na kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa don ƙwallo ta tsaya cak. Wasan da aka fara bayan La'asar haske na guduwa tun kafin a tashi. Cikin ɗaruruwan da aka ɗauka kaɗan ne ke fita, kuma ba sa rabuwa daidai: ɗan gaba ya samu ashirin, mai tsaron baya uku, wanda ya zauna a benci ko ɗaya. Hanya biyu ce ke biya. Ko kulob ya sayi wasan dungurungum da kuɗin yini, ko 'yan wasa uku ko huɗu su biya tun kafin wasa a bi su su kaɗai. Na biyun na da kasuwa a akadami, inda yaro ke haɗa hotuna da bidiyon da zai tura wa ejan. A nan ana buƙatar tsoron Allah. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, kuma macuta da dama na rayuwa a kan burin yaran nan. Mai hoto ya sayar da hoto, kada ya sayar da alkawarin Turai.

Kowace takardar farashi ta ɗauki ranar da za ta daina aiki. Wanda ya yi sana'a a Najeriya daga 2023 ya san dalili. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Takardar hoto da tawada da batir da katin ajiya duk daga waje suke zuwa. Kwalin KP-108 na ƙaramin injin Canon Selphy hoto 108 yake fitarwa ko dala ta hau ko ta sauka, amma kuɗinsa na bin dala. Mai hoton da ya yi wa makaranta farashi a watan Oktoba don bikin da za a yi a Fabrairu, bai ce farashin na kwana 30 ba ne, ya ɗauki kasadar da ba tasa ba. In makaranta na son a tsayar da farashi, ta ba da kafin alƙalamin da za a sayi kayan wanki tun yanzu.

Akwai nauyin da ke tattare da cewa yara ake ɗauka, kuma shi ma yana da kuɗi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta nemi amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, hoton fuska haɗe da suna kuwa bayani ne. Layi ɗaya a takardar oda ya wadatar: uba ya amince a ɗauka, ya kuma nuna ko ya yarda a sa a intanet ko bai yarda ba. A bikin makaranta inda 'yan mata ke tsere da fareti, iyaye da yawa za su so hoton 'yarsu a ɗaki amma ba a Facebook ba, kuma haƙƙinsu ne. Ɗaukar mace mai hoto ko mataimakiya don ɓangaren 'yan mata ƙarin kuɗi ne da ya kamata ya fito a lissafi, kuma makarantu da dama za su fifita wanda ya zo da wannan shiri a kan wanda ya fi shi araha. Ta ɓangaren mai hoto, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar masa mallakar abin da ya ɗauka in ba a yi wata yarjejeniya ba. Don haka tun farko a rubuta abin da makaranta ko akadami ta saya: hoton ajiya ne, ko har da na allon talla da kalanda. Na biyun ya fi tsada.

Abu na ƙarshe da ke shiga lissafi shi ne ajiya. Najeriya ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma da dama cikin yaran da suka ɗaga kofunan nan daga irin waɗannan filaye suka fito. Ranar da ɗaya daga cikin yara 25 ɗin can ya sa rigar ƙasa, jarida da gidan talabijin da shi kansa ɗan wasan za su nemi hotonsa yana ɗan shekara 13, mai hoto ɗaya ne kuma zai iya fito da shi. Ko ba a kai nan ba, uwa kan dawo bayan shekara biyar neman wani kwafin don na farko ruwa ya ci shi. Wannan ciniki ba ya buƙatar mota ko yaron layi, sai dai a iya gano hoton. Ma'ajiya biyu ake buƙata, ɗaya a shago ɗaya a gida, kowane kundi da sunan kulob da rukunin shekaru da ranar ɗauka, tare da hoton shafin littafin koci mai sunaye da lambobin jesi. Kuɗin ma'ajiyar a raba shi kan fitar shekara, a ɗora a kan naira 27,000 ɗin nan kafin a kai wa koci takardar farashi.